Tokar Des Hendy

Ranar ba a tsayawa a kowace tasha. Jirgin shaƙatawar ya baro Noumea ya nufo Brisbane, gabas ruwa yamma ruwa, fasinjoji duk sun baje a saman bene suna shan hantsi. Sufeto Noelene Brack ta 'yan sandan Queensland na kishingiɗe kusa da wurin ninkaya, ta rufe fuska da hula. Ta manta rabonta da hutu.

Sai wata inuwa ta tsaya a kanta.

"Gafara dai, ke ce Sufeto Brack?"

"Ba ita ba ce," ta faɗa daga ƙarƙashin hula.

"Ita ce mana," in ji mijinta Colin, yana shafa mai a tumbinsa.

Ta janye hular ta watsa masa harara. "Bakinka zai kashe ka wata rana, Col."

Mai tambayar Mista Pillay ne, shugaban masu tsaron jirgin. Ya rage murya. An tsinci wata tsohuwa, Lorraine Hendy, yashe a ƙasan ɗakinta da karyayyen ƙugu. An kuma ɗauke tulun tagulla da ke ɗauke da tokar mijinta, Des. Marigayin masunci ne a Bundaberg, ya bar wasiyya a ƙona gawarsa a watsa tokar a teku. Abin da ya kawo iyalin jirgin ke nan, kuma kyaftin ya ba su izinin yin hakan yau da yamma.

"Ai mun riga mun kama ɓarawon," in ji Pillay. "Mai gyaran ɗakinta ne. So nake kawai ki duba kafin mu miƙa shi a Brisbane."

"Kun kama shi da tulun?"

"A'a."

Ta ja tsaki, ta zura silifas.

Tun daga bakin lungun ɗakunan ake jin ihun wani ƙato mai jar fuska. Warrick ne, ɗan tsohuwar. Ƙanwarsa Sheree na jingine da bango, siririya, ta rungume hannuwa.

"Ubana!" Warrick ke cewa. "Ya ga tagulla na ƙyalli ya ɗauka zinari ne! Ku ba ni shi minti ɗaya, ni zan sa ya yi magana!"

"Malam, matsa daga ƙofa," in ji Sufeto.

"Ke kuma wa ce ce da silifas?"

"Wadda za ta sa a kulle ka in ka sake yi min ihu. Matsa."

Ya matsa.

Ɗakin bai hargitse ba, in ban da wata kujera da ta kife. Jakar tsohuwar na kan gado, zobenta da agogonta na gaban madubi. A kan tebur akwai kofin shayi biyu, ɗaya an sha rabi, ɗaya ko taɓa shi ba a yi ba.

"Me ya sa kuka ce mai gyaran ɗaki ne?"

"Katinsa kaɗai ya buɗe ƙofar nan da safe," in ji Pillay. "Kuma kurarsa ta tura zannuwan gado ce ta tare kyamarar lungun."

"Wa ya tsinci matar?"

"Shi ne."

"To da me zai shiga in ba da katinsa ba? Ɓarawon da ya bar zobe ya ɗauki toka? Kuma ita ta haɗa masa shayi?" Ta nuna kofin. "Wanda ya zo nan ƙwanƙwasawa ya yi, ita ta buɗe masa da hannunta."

A asibitin jirgin, Lorraine Hendy na kwance, allura ta ɗan rage mata zafi. 'Yar ƙaramar mace ce, gashinta fari fat.

"Mama, wa ya shigo ɗakinki?" Sufeto ta tambaye ta.

"Ban gani ba, 'yata. Na juya baya."

"Shayi biyu fa?"

"Na saba haɗa wa Des nasa. Hannu ne ya saba."

"Wannan shatin yatsun a wuyan hannunki, shi ma Des ne?"

Tsohuwar ta tura hannun ƙarƙashin bargo, ta juya fuska bango. "Na gaji."

Likitar jirgin ta bi Sufeto har bakin ƙofa. "Akwai abin da na gani a hoton ƙashinta," ta ce a hankali. "Wannan ba shi ne karayarta ta farko ba. Haƙarƙari, hannu, kafaɗa, duk tsofaffi ne, sun haɗe a karkace. Na tambaye ta, ta ce ita mai yawan faɗuwa ce."

Sufeto ta cije leɓe. Ta sha ganin mata masu yawan faɗuwa a aikinta, kuma ba ta taɓa sabawa ba.

An ajiye Isikeli, mai gyaran ɗakin, a wani ɗan ƙuntataccen ofis a can ƙasan jirgi. Mutumin Fiji ne, magidanci, furfura ta fara fito masa. Yana zaune ya haɗa gwiwoyi.

"Na ji nishi ne, ranki ya daɗe, sai na buɗe. Ban ga tulu ba."

"Kafin nan me ka ji?"

"Babu komai."

"Kurarka na bakin ƙofar, kujera ta kife, mace ta faɗi, kai kuma ba ka ji komai ba? Kurma ne kai?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta buga tebur. "Ka san abin da ke jiranka a Brisbane? Sata da jikkata tsohuwa. Wa kake karewa?"

"Kaina nake karewa!" Muryarsa ta tashi, sannan ya maido ta. "In na nuna fasinja da yatsa, maganar wa za a ɗauka? Su sauke ni a tasha ta gaba, shi ke nan. 'Ya'yana mata biyu na makaranta a garinmu, Labasa."

"Yau maganarka nake ɗauka. Faɗi."

Ya share goshi. "Ina shimfiɗa gado a ɗakin da ke jikin nata. Na ji tana cewa, 'Ajiye shi. Ko me ya yi, mahaifinku ne.' Sai na ji faɗuwa, aka buga ƙofa. Da na fito ban tarar da kowa ba."

"Muryar ɗayan fa?"

"Ban ji ba. Ita kaɗai ke magana."

Sufeto ta juya ga Pillay. "Ka kulle mutumin da ya ceci matar, ka bar 'ya'yanta na yawo. Ba shi ruwa ya sha."

Ta fara da Warrick, a ofishin Pillay.

"Ina kake da safe?"

"A cikin ruwa. Ina ninkaya."

"Ni ma a can nake tun hantsi. Mutum mai girmanka ya faɗa ruwan nan, da na sani. Kuma daga nan nake jin warin giya a bakinka."

Fuskarsa ta ƙara ja. Ya yi ta zagin jirgi da ma'aikatansa, daga baya ya sauke kai. A mashayar bayan jirgi yake tun safe. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawari ba zai sha ba sai an gama da tokar, ya kasa. Pillay ya buga waya, mai mashayar ya tabbatar: tun buɗewarsu mutumin bai ɗaga daga kujera ba sai da aka zo kiransa.

"Mahaifinka na dukan mahaifiyarka?" Sufeto ta tambaya.

Ya zabura. "Baba mutumin kirki ne! Duk Bundaberg a tambaya! Yana da zafi, to wane masunci ne ba shi da shi?"

"Fita."

Sheree ta shigo a natse, ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Ina wurin tausa," ta ce. "Ranar hutu ce ai."

"Kin je ɗakin mahaifiyarki?"

"Tun jiya rabona da shi."

"An gama tausa da mai, gashinki kuwa a bushe, rigarki ko ɗigo babu."

"Na yi wanka."

"A ina?"

"A ɗakina."

Kafin Sufeto ta sake tambaya, wayar Pillay ta yi ƙara. Ya saurara yana ɓata rai, ya ce shi ba mai gyaran famfo ba ne, a ƙyale shi. Ya kife wayar.

"Mene ne?"

"Shirme ne. Banɗakuna sun toshe a wani lungu, fasinjoji na ta masifa. Wai an zuba wani abu kamar tsakuwa."

Sufeto ba ta kalle shi ba, Sheree take kallo. Yatsun matar sun damƙe gefen siket.

"Wane lungu?" ta tambaya.

Suka tafi da Sheree, suka tarar da mai gyaran famfo durƙushe a lungun, ya kwance bututu, yana ta mita. Ya nuna musu bokiti. A gindinsa akwai wani laka mai ruwan toka, da ƙananan fararen ɓarɓashi.

"Ban san wane marar hankali ne ya zuba siminti ba," ya ce. "Daga ɗakin can ya fito."

Ɗakin Sheree ne. Tulun na cikin kwabar kaya, an naɗe shi da tawul. Babu komai a ciki.

Warrick ya biyo su. Ya dubi tulun, ya dubi bokitin, ya sake duban tulun. Sai ya yi wani irin kuka ya yi kan ƙanwarsa, da ƙyar masu tsaro biyu suka riƙe shi.

"A masai? Ubanmu? A masai, Sheree?"

Natsuwar da ta riƙe tun safe ta tsinke.

"Nan ne ya dace da shi!" ta daka masa tsawa. "Furanni za ku watsa masa? Kyaftin ya cire hula, kai ka karanta jawabin da ka rubuta, gwarzon teku? Kai ai yana ɗaukarka cikin kwale-kwale, kuna dawowa kuna dariya. Ni ce ke gida! Ni ce ke goge jinin Mama a ƙasan kicin kafin in tafi makaranta! Ni ce ke ce wa maƙwabta zamewa ta yi!"

"Ƙarya kike!"

"Je ka tambayi likita ƙashi nawa ne ya karye a jikinta!"

Warrick ya daina fizge-fizge.

Sheree ta juya ga Sufeto, tana haki. "Na je na roƙe ta a fasa bikin. A zubar da shi kawai, ba waƙa ba jawabi. Ta haɗa min shayi, ta ce in yi haƙuri. Kullum in yi haƙuri. Na ɗauki tulun, ta kama shi. Na damƙi hannunta na ɓanɓare, na fizge. Ban tura ta ba."

"Ta faɗi?"

"Ta faɗi."

"Kika yi me?"

Sheree ta kawar da kai.

"Na ce kika yi me?"

"Na fita."

Sufeto ta matso har sai da suke jin numfashin juna. "Abin da kika yi wa tokar nan, ni ko a jikina. Kotu ma ba za ta daɗe a kansa ba. Amma kin bar mace mai shekara saba'in da ɗoriya a ƙasa da karyayyen ƙugu, kin ja mata ƙofa. Sannan kin tsaya a lungu kin rungume hannu, ana jan mutumin da ya ɗaga ta zuwa kulle. Duk ƙashin da ya karye a jikinta mahaifinki ne ya karya, ban da na yau."

Sheree ta dafe baki. Ta zauna a bakin gado tana kuka ba sauti.

Pillay ya ce za a tsare ta a wani ɗaki da mai gadi a ƙofa har jirgi ya isa Brisbane, inda 'yan sanda za su karɓe ta. Sufeto ta ce kafin nan ya sauka da ƙafarsa ya buɗe wa Isikeli, ya kuma ba shi haƙuri a gaban manajansa. Ta juya ga Warrick. "Kai ma ka bi shi. Ka yi da murya irin wadda ka zage shi da ita."

Hanyar ɗakin tsarewar ta bi ta gaban asibiti. Sheree ta tsaya cak.

"Don Allah, in gan ta."

Sufeto ta tura ƙofar, amma ba ta bari ta wuce bakin ƙofa ba.

Lorraine ta juyo da kai. Ta dubi 'yarta, ta dubi masu tsaron da ke gefe da gefenta, ta gane an gama.

"Mama," in ji Sheree.

"Ina kika kai shi?"

Sheree ta faɗa mata.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon rufin ɗakin. Sufeto ta shirya jin kuka ko tsinuwa.

"Duka kika zubar?"

"Duka, Mama."

Lorraine ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta lumshe ido.

"To," ta ce.

Masu tsaron suka kama Sheree ta gwiwar hannu, suka wuce da ita.