Muryar Inna Kaltum a Akwatin Ƙarfe

Akwatin ƙarfe ɗaya, bai fi tafin hannu biyu ba. Modem ɗaya da kati a ciki. Wayar wuta ɗaya. Tsohon mayafi ɗaya, kore.

Falmata ce ke karanta jerin abin da aka sace daga takardar ƙara, Insfekta Lawali yana tuƙi. Sun baro kwamisariya, ofishin 'yan sanda, sun wuce kasuwar tattasai, yajin ya sa shi atishawa sau biyu.

"A kan wannan kika tare ƙofar birona tun ƙarfe bakwai?"

"Garinmu ne a ciki, Insfekta."

Ta yi masa bayani a gajarce. Mutanen Kaljiri sun baro bakin kogin Komadugu shekara goma ke nan. Wasu suna Diffa, wasu a rumfunan gefen kwalta, wasu sun watsu har Libiya. Ita aikin gona ta karanta a Maroko, ba ordinata, wato kwamfuta, ba. Da ta dawo sai ta bi tsofaffi da salula tana ɗaukar muryoyinsu: wa ya haƙa rijiyar gari, gonar wa ke kusa da ta wa, wace waƙa ake yi in ana niƙa. Ba ta yarda ta zuba su a gidan wani kamfanin intanet ba. Ta sayi ƙaramin akwati, ta kalli bidiyo wata uku, ta kafa shafin intanet a kansa. Duk wanda ya buɗe shafin, ko daga ina, wannan akwatin ne ke ba shi amsa.

"Kina da kwafi a wani wuri?"

Ta kalli taga.

"Na ce zan yi."

"Tsofaffin suna nan ai. Ki sake ɗauka."

"Huɗu sun rasu. Har da Innata da ta riƙe ni. Watan jiya."

Lawali ya ƙara wuta.

Ɗakin ƙungiyar 'yan Kaljiri yana bayan tasha. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, taga ma haka. A kan tebur ga ordinatar Falmata, a ƙasa ga batir sabo fil. Inda akwatin yake, ƙura ta bar alamar murabba'i. Wayoyin da suka rage an naɗe su an jera a gefe.

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Nawa, na Muhsinu mai gyaran salula da ya ja mini wuta, da na Baba."

Baba yana zaune a tabarma a inuwar baranda. Sunansa Ba Fannami, shugaban ƙungiya, yayan mahaifinta, dogo, siriri, carbi a hannu. Lawali ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ta'aziyyar matarsa, Inna Kaltum.

"Baba, ran Juma'a da rana kana ina?"

"Masallaci. Daga nan gida."

"Makullinka fa?"

"Yana wuyana, ɗana. Ko wanka da shi nake yi." Hausarsa da nauyin Barbarci take fita. "Yaran tasha ne. Ku bar su da Allah. Abin da ya tafi ya tafi."

"Baba, Inna ce fa a ciki," in ji Falmata.

Tsohon ya ja carbi.

Lawali ya koma ciki ya tsaya kan teburin. Shekara goma sha shida yana aiki, bai taɓa ganin ɗan tasha ya bar ordinata ya ɗauki tsohon mayafi ba. Bai kuma taɓa ganin wanda ya tsaya naɗe waya ba.

"Mayafin na wa ne?"

"Na Inna. Da shi nake rufe akwatin saboda ƙura."

Ya rubuta.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi salularta ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙe.

"Wani ɗan'uwanmu ne daga Sabha ta Libiya. Ya ce shafi ya dawo."

Ta buɗe. Ga hoton kogi, ga jerin sunaye.

"Ta yaya abin da aka sace zai yi aiki?"

"Haka na haɗa shi. Duk inda ya samu wuta da rezon intanet, da kansa yake tashi." Ta shiga inda akwatin ke rubuta lokutan tashinsa da mutuwarsa. "Jiya ma ya tashi sha ɗaya da kwata. Ya mutu ƙarfe ɗaya, ya dawo, ya mutu uku da rabi. Daga nan shiru."

"Jiya ƙarfe ɗaya hadari ya taso."

"Eh."

"To ba wutar gari ba ce. Fanno ne, allon wutar rana, kuma babu batir."

Fuskarta ta sauya.

"Insfekta, in ana yanke masa wuta haka, katin ajiyar zai lalace. Yau ko gobe. In ya lalace babu mai dawo da shi."

"Wa zai iya haɗa shi da fanno kai tsaye?"

Ta ɗauki jakarta.

Rumfar Muhsinu tana bakin kasuwa, cike da gawarwakin salula. Yana ganin motar ya fara murmushi fiye da kima.

"Ranka ya daɗe. Hajiya injiniya. An gano ɓarawon?"

"Yaushe rabonka da ganin akwatin?"

"Tun ranar da na ja wuta. Ni fa na gaya mata, ta buɗe shafi a inda kowa ke buɗewa, kyauta. Ta ce a'a, ita nata gida take so."

"Juma'a da yamma wa ya zo nan?"

"Jama'a da yawa."

Lawali bai kalle shi ba. Kwalin tarkacen da ke ƙarƙashin tebur yake tonawa da bakin alƙalami. Ya ɗago wani baƙin kan caja da aka yanke wa waya. An manna masa farar takarda, an rubuta da jan alƙalami: Kada a cire.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa," in ji Falmata.

Murmushin ya ƙare.

"Muhsinu, karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa. Za ka faɗa a nan ko a can?"

"Wallahi ban karɓi komai ba. Na rantse masa ba zan faɗa ba." Ya sauke murya. "Ya ce gidansa babu wutar gari. Na yanke kan, na sa masa abin rage ƙarfin wuta. Na ce Baba, wannan ba rediyo ba ne, ba zai yi magana ba. Ya ce in yi aikina."

Falmata ta zauna a kan benci.

Rumfunan 'yan Kaljiri suna kilomita tara gabas da gari. Ba Fannami ya riga su dawowa a kabu-kabu. Ɗakinsa na zana ne da tamfol, da ƙaramin fanno a sama. Wata baƙar waya ta sauko ta bi ta ƙarƙashin labule.

Suka yi sallama, ya amsa.

Akwatin yana kan gadon Inna Kaltum, a kan matashinta. Koriyar fitilarsa tana ƙiftawa. Tsohon yana zaune a ƙasa kusa da shi.

"Kada kowa ya taɓa wayar," in ji Falmata. Ta durƙusa, ta kashe akwatin ta salula yadda ya kamata, ta jira fitilar ta mutu. Sai a lokacin ta saki numfashi.

"Baba," in ji Lawali, "yaran tasha sun yi nisa da kaya."

"Ni ne. Rubuta."

"Me ya sa?"

Tsohon ya dubi labule, kamar mai tsoron maƙwabta.

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Maƙwabcinmu bai san muryarta ba sai in tana kiran akuya. Ran Laraba na zauna wajen mai shayi a bakin kwalta, sai na ji ta. A salular wani direba. Tana waƙar niƙa, wadda take yi in ta zaci na tafi gona. Wani ya ce tsohuwar nan da murya, a maimaita. Suka maimaita."

"Ita ta yarda na ɗauka, Baba."

"Don jikoki, kika ce mata. Ina wurin."

Falmata ta sunkuyar da kai.

"Da ka gaya mini."

"In kalli 'yata in ce ina kishin wadda ke kabari?" Ya shafa gefen akwatin da yatsa. "Na ce in na kawo ta gida, ni kaɗai zan ji. Kwana biyu ina kara kunne. Ƙiftawa kawai yake yi, kamar ɗan mage."

"Baba, duk lokacin da ka kunna shi, duniya ce ke ji. Kai kaɗai ne ba ka ji."

Ya dube ta, ya dubi Lawali ko zai ƙaryata. Lawali ya gyaɗa kai.

"Har direban?"

"Har shi, in ya buɗe."

Tsohon ya yi wata gajeriyar dariya, ya goge ido da hannun riga.

"To na yi sata, na kuma yi wa direba gadi."

Falmata ta matsa kusa da shi.

"Waƙoƙinta zan sauke daga shafi yau. Labarin rijiya da gonaki za su zauna, waɗannan na kowa ne. Nata sai wanda ka yarda. Kuma zan yi kwafi biyu kafin in ci abinci."

"Uku," in ji Lawali.

"Ni fa?" in ji tsohon. "Ni da ban iya salularku ba?"

"Rediyonka yana cin kati?"

"Yana ci. Wa'azi nake sa wa."

"To shi ke nan." Ta juya. "Insfekta, na janye ƙara."

"Ba a janyewa a kan tabarma. An rubuta a birona, a can za a sa hannu. Baba, sai ka biyo ni."

"Da ankwa?"

"Na manta ta a gida."

Ba Fannami ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗauki rediyonsa daga ƙusa. Ya ƙi bari kowa ya riƙe akwatin. Mata suka leƙo ta bayan zana suna kallon shugaban ƙungiya yana tafiya tsakanin ɗan sanda da 'yarsa. Bai kalli kowa ba.

Lawali ya buɗe masa ƙofar gaban mota, ya jira ya tattara rigarsa, ya rufe ƙofar.

"Kwamisariya ta jira," ya ce wa Falmata. "Wajen Muhsinu za mu fara, a zuba waƙoƙin a katin rediyo. Ba zan yi wa tsohon nan tambaya ko ɗaya ba sai ya ji matarsa."