Wanda Za a Fara Sanarwa

"Na faɗa miki ba zan ba soja 'yata ba, ko da kuwa da zaren zinariya aka ɗinka kakinsa."

Malama ta faɗi haka ko ɗagowa ba ta yi ba daga littafin da take dubawa. Shekara uku ke nan da ta yi ritaya, amma yaran unguwa sun mayar da barandarta aji, ita kuma kullum sai ta yi mita, kullum sai ta ƙara musu benci.

Auta na tsaye a ƙofar falo, jaka a kafaɗa, ƙurar alli a hannun rigarta. Ita ma malama ce, gado ta yi.

"Umma, yana waje fa. Tun ƙarfe biyu yake tsaye a rana."

"Ai tsayuwa a rana sana'arsu ce."

"Kwana tara ya rage a tura su bakin daga. In ba a ɗaura auren kafin nan ba sai bayan shekara biyu, in ma..."

"In ma me? Ƙarasa mana. Kin ga ke ma kin san abin da nake gudu."

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai shi ne, cikin dubban yaran da Malama ta koyar a shekara talatin da huɗu, babu wanda take ji da shi kamar wannan Laftanan ɗin. Ita ta sa masa suna Dogo, ita ta dawo da shi bencin gaba saboda surutu. Amma ranar da ya fara zuwa gaishe ta cikin kaki, kallo ɗaya ta yi masa ta ce Allah ya tsare, ta shige ɗaki.

Kuma ba don ba ta san soja ba. Soja ta aura, ta bi shi bariki bayan bariki, duk inda aka jefa su sai ta nemi makaranta tun ba ta kwance kaya ba. Ya rasu a bakin aiki Auta na da shekara shida. Iyakar abin da Auta ta sani ke nan, domin Malama ba ta buɗe wannan babin.

Yau dai Auta ta gaji da lallashi. Ta ajiye jaka ta fita.

Yana jingine da bangon ƙofar gida, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Rabin raina, me ta ce?"

"Abin da ta saba. Zo mu shiga."

"Ba ta yi min izini ba..."

"Kai da ake turawa gaban bindiga, tsohuwa da biro ce za ta razana ka?"

"Ke ba ta taɓa koyar da ke lissafi ba ne," ya ce, ya cire hula ya bi ta.

Ya durƙusa ya gaida Malama. Ta bar shi a durƙushe har ta gama shafin da take kai, sannan ta zare tabarau.

"Dogo, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka san ba na son kame-kame. Takardar nan da kowane soja yake cikewa, inda ake rubuta wanda za a fara sanarwa in wani abu ya faru. Sunan wa ka sa?"

"Na Yayana, Malama."

"In an ɗaura auren fa?"

Auta ta kafe shi da ido. Amsar ai a fili take, ko ɗan aji ɗaya zai ci wannan jarrabawar. Amma sai ya murza hular a hannu ya ce:

"Haka na yi niyyar barinsa."

Auta ta harare shi. Wane irin mutum ne wannan, ana gyara masa hanya yana tona rami?

"Ki gafarce ni, Malama," ya ci gaba da sauri. "Na taɓa raka maigidana na wurin aiki kai irin wannan saƙo. Matar tana shanya a tsakar gida, ta juyo ta gan mu mu biyu cikin kaki. Ko sallama ba mu ƙarasa ba ta zube. Ba na so Auta ta ji daga bakin baƙi. Gara Yaya ya zo ya faɗa mata a hankali."

"A hankali," Malama ta maimaita. Muryarta ta yi ƙasa, kuma duk wanda ya zauna a ajinta ya san wannan ya fi tsawa muni.

"Mahaifinta ma irin tausayin nan ya yi min. Sunan Baffanta ya rubuta. Da ya rasu aka je gidan Baffa, aka tarar ya yi tafiya, aka ce doka ba ta yarda a faɗa wa kowa ba sai an same shi. Kwana uku. Amma bariki ba ya riƙe sirri. Matan maƙwabta suna gaishe ni suna kau da kai, na ɗauka wani laifi na yi musu. A cikin kwana ukun nan na wanke kakinsa na goge, na rataye, wai yana hanya."

Auta ta dafa bango.

"Ranar Laraba ina tsaye gaban allo, wata 'yar yarinya ta ɗaga hannu. Na zaci tambaya ce. Ta ce, Malama, mamata ta ce kada in faɗa, amma Allah ya ji ƙan baban Auta."

"Umma..." hawaye suka ɓalle wa Auta. "Me kika yi?"

"Saura minti ashirin a buga ƙararrawa, yara arba'in da biyu suna kallona. Na ƙarasa darasin."

Laftanan ya sunkuyar da kai har goshinsa na neman taɓa gwiwa.

"Tausayinku ke nan," in ji Malama. "Ku yanke wa mace abin da za ta iya ɗauka ba ku tambaye ta ba. Tashi ka tafi, Dogo. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai, amma ba ta ƙofar nan ba."

Ya miƙe a sanyaye, ya juya. Sai ya tarar Auta ta tare ƙofa. Tsoro ne fal a ranta, amma ba ta matsa ba.

"Sunana za ka rubuta."

"Auta, ba ki san yadda abin yake ba..."

"Yanzu na sani, ai na ji. In har zan iya zaman jiran dawowarka, zan iya buɗe ƙofa in ga ko wane ne. In kuma ka ga ba zan iya ba, to kada ka aure ni, don mace rabi za ka aura."

Ya dube ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Zan rubuta."

Auta ta juya ta durƙusa a gaban mahaifiyarta, ta riƙo hannunta.

"Kin ji duk abin da na faɗa," Malama ta ce, "kuma har yanzu kina so?"

"Ina so, Umma. Ke fa? Da za a mayar da ke baya, kin san ranar Larabar nan na nan tafe, za ki ƙi Baba?"

Malama ta damƙe hannun 'yarta.

"Da na sake aurensa," ta ce daga ƙarshe. "Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Ta share ido da gefen mayafi, ta dubi Laftanan.

"Ka turo manyanka gobe. Kafin ka sa ƙafa a mota kuma, ka kawo min takardar in ga sunanta da idona. Akwai layi na biyu a ƙasa?"

"Akwai, Malama."

"To ka sa nawa. Allah kada ya kawo ranar. Amma in ta zo, kada su shigar mata aji, su biyo ta nan. Ni zan je in karɓi allin daga hannunta."