Dutsen Matan Takaba

Barabal na shigowa da bokitin madara mahaifinta ya ce, bai ko juyo ba, "Kin sayar da mu."

Rabin madarar ya zube mata a ƙafa.

Shekara shida ke nan da mahaifin nata, Eachann, ya makance. Ita ce idonsa a teku. Kowa a tsibirinmu ya san tuddan fili, amma sunayen duwatsun da ruwa ya ɓoye, da tudun da za ka saita ka wuce lafiya zuwa inda kifi yake, gidansu kaɗai ya sani. Ba shi da ɗa namiji, sai ya zuba wa Barabal su. Shi ya sa ya hana ta auren Tormod, masuncin tsibirin ƙetare. In ta tafi, sunayen sun tafi.

Peigi ce ta kawo tsegumin, 'yar baffanta, wadda ta daɗe tana saƙa wa Tormod safar da bai roƙa ba. Wai ta ji Barabal na jera masa sunayen a bayan coci.

Barabal ta rantse, ta yi kuka. Bai saurara ba. Sati uku ba ta wuce katangar gida ba. Daga saniya sai murhu sai taga.

Ranar da Tormod ya zo, hula a hannu, tsohon bai ba shi kujera ba.

"Kai ne ɓarawon? Mu je jirgi, kai za ka tuƙa." Ya juyo wajen numfashin 'yarsa. "Ke kuma kika buɗe baki, ba ni ba ke."

Suka fita da hantsi, ruwa kwance lumui. Tormod ya raɗa mata, "Kwantar da hankalinki, farin cikina..."

Ina hankali zai kwanta? A gabansu Bogha nam Banntrach yake, dutsen matan takaba, kamu biyu a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya san sunansa ba ya kusantarsa. Tormod kuwa ya nufe shi kai tsaye, yana mata murmushi.

In ta yi magana, ta rasa uba. In ta yi shiru, su ukun sun tafi.

Ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Ruwan gaba ya fara kumbura.

"Baba..."

Hannunsa ya damƙe wuyan hannunta. Kansa a karkace, yana sauraren teku.

"Hagu, sakarai! Hagu!"

Jirgin ya karkata. Baƙin dutsen ya wuce ta gefensu, ciyawar ruwa na kaɗawa a kansa. Fuskar Tormod ta yi fari fat.

Eachann ya saki hannun 'yarsa.

"Wawa ne, ba ɓarawo ba," in ji Eachann. Sai ya gaya wa Tormod sunan dutsen da ma'anarsa, ya ce ya ɗora Cnoc Ruadh, jan tudu, a kan Rubha na Caillich, tsinin ƙasar da ake kira hancin tsohuwa, kar ya bari su rabu har ya fita.

"Sunayen arba'in da ɗaya ne. Ka samu uku. Sauran sai ka aure ta, ka zauna ƙarƙashin rufina. Ba inda za su je."

Tormod ya ce ya ji, ya yarda.

Barabal ta dubi tsibirin ƙetare, inda ta sha gina ɗakinta a zuci. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta goge leɓenta, ta matsa kusa da Tormod, ta nuna masa jan tudun da yatsa.