Tamfol ɗin Motar Alhaji Bunyaminu

Saura 'yan kwanaki a yi bikin samun 'yancin kai, Alhaji Bunyaminu ya faɗo ofishin 'yan sanda na Bagudo, babbar rigarsa duk taɓo. An sace tamfol ɗin da ake rufe motarsa. Gilashinta ɗaya ba ya rufuwa, ruwan jiya ya shiga ya jiƙa kujeru sharkaf. Motar nan kuwa, gari ya sani, ko uwargidansa bai taɓa bari ta jingina da ita ba.

"Direbana Arzika ne! Ya sayar wa 'yan Dahomey. A kai shi gidan yari!"

Aka tsare Arzika. Sufeto Ma'azu ya zauna gabansa.

"Ina kake lokacin da aka yi ruwa?"

"Gindin mota, ranka shi daɗe."

"Rigarka kuwa a bushe?"

Arzika ya sunkuyar da kai. Ashe ƙauyen Geza ya tafi zance wurin budurwa. Amma ya rantse sai da ya wanke laka daga ƙafafun motar, ya shafe tamfol da man kaɗe don ruwa ya riƙa zamewa, sannan ya rufe ta.

Sufeto ya je gidan Alhaji. Motar na ƙarƙashin wata sabuwar rumfa, ciyawarta ko baƙi ba ta fara ba. A cikin taɓo ga sawu ƙanana, babu takalmi, ga kuma ramukan sanda. Ba hanyar iyaka suka nufa ba. Bayan gida suka zaga.

Can ya tarar da Dela mai fura tana daka.

"Wa ya wuce nan jiya?"

"Ni? Ban ga ko kaza ba."

Bakinta na faɗa, idonta na kan rumbun Goggo Batulu, ƙanwar mahaifin Alhaji.

Jinkar rumbun ta ruɓe, duk ta zazzage. Sufeto ya zura hannu ya damƙo gero, a bushe ƙayau. Ya ɗaga ruɓaɓɓiyar ciyawar, ƙamshin man kaɗe ya bugi hancinsa, ga tamfol a ƙarƙashinta.

"Sauke hannunka, ɗan nan," in ji wata murya. Goggo Batulu ce, ta dogara sanda.

"Goggo, ke kika ɗauka?"

"Ni ce. Da kaina na jawo shi, kuma gobe ma sai in ƙara."

Alhaji ya iso yana haki. "Haba Goggo!"

"Haba mi? Ciyawar da na tara don jinkar rumbuna, wa ya kwashe ya yi wa ƙarfe ɗaki? Ga rumfa, ga mayafi, har da shafa mai kamar amarya! Geron da gidanga zai ci har kaka kuwa ruwa na dukansa."

Maƙwabta sun cika bakin danga. Alhaji ya rage murya.

"Sufeto, na janye. Maganar gida ce."

"Da ɗan mutane ne ba maganar gida ba ce!" Ta miƙa hannuwa biyu. "Ka ce a kai ɓarawo gidan yari, ga ɓarawo. Ku saki Arzika."

Sufeto ya ce ba sai an sa ankwa ba, kuma akwai hanya ta bayan gari.

"Ta tsakiyar kasuwa za mu bi. Yau ranar cinta ce."

Ta gyara zanenta ta shige gaba. Sufeto na biye, Alhaji na bayansu yana roƙo, ita kuwa duk rumfar da ta wuce sai ta tsaya ta gaisa, ta faɗa musu wanda ya sa aka kama ta.