Tafasar da ta Tsare Ƙofar Kafin Iliyasu

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, shekarun da Ningawa suka matsa wa ƙasar Kudu da hari, akwai wani gari mai ganuwa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ana ce masa Kafin Iliyasu, da sunan sarkinsa. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, rumbuna sun kusa ƙarewa, sai aka wayi gari mahara sun yi wa garin zobe. Da ƙyar manzo ya sulale zuwa Birnin Kudu. Aka ƙiyasta gudummawa ba za ta iso ba sai bayan kwana goma, hatsin gari kuwa na kwana huɗu ne.

Mahara suka aiko cewa a ba su mutum talatin su tashi. Madaki Hambali, jarumin da ba a musun jaruntarsa amma bai taɓa sanin inda miya take fitowa ba, ya ba da shawara a ɗebi talatin ɗin daga unguwar baƙi, waɗanda ba su da kaka a maƙabartar gari. Ba wanda ya musa a fada. Cikin waɗanda aka ambata har da Haladu, ɗa tilo ga wata tsohuwa Batulu.

Batulu ta san Madaki sarai, don shi ya aiko dogari ya yi mata tsawa a farkon damina, wai ta ƙi nome bayan ɗakinta ta mai da gari kurmi. Ta ɗauko akushi rufe da faifai, ta nufi fada, ta faɗi ta yi gaisuwa. Aka buɗe akushin, sai ga kwaɗon tafasa da daddawa. Da yake sarki ba ya ci a gaban jama'a, Liman ne ya ɗanɗana, ya sake kai hannu, har ya manta ana kallonsa.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, garin nan zaune yake a kan abinci yana kukan yunwa."

Ta bayyana cewa filin da aka bari cikin ganuwa don kiwon dawaki cike yake da tafasa da lalo da gasaya da rukuɓu, in aka haɗa tsaki kaɗan da ganye mai yawa, hatsin kwana huɗu zai kai goma. Sarki ya yarda, amma ya ce ranar da tukunya ta kasa, ranar za a buɗe ƙofa a miƙa mutum talatin ɗin.

Murna ta kama gari, ta kama Madaki fiye da kowa. Da sassafe ya tura mazaje arba'in da lauje, suka shiga yanka tun daga gindi kamar masu yi wa doki ciyawa. Kafin Batulu ta iso sun gama da kashi ɗaya cikin uku. Tsohuwar nan ta sheƙo da gudu, ta faɗa tsakanin laujuna, ta riƙe hannun na gaba.

Ta ce, "Madaki, ka yanka akuya mai nono. Tafasa kai ake tsinka mata, kwana uku ta sake tofowa."

Madaki ya sunkuyar da kai, abin da ba a taɓa gani ba. Ta raba sauran filin kashi-kashi, mata suka shiga da ƙorai, yau nan gobe can, suna tsinka suna waƙa, hayaƙi na tashi a kowane gida. Mazajen da suke cewa tafasa cimar awaki ce, su ne masu miƙo akushi daga kan ganuwa suna neman ƙari.

Amma inda lauje ya bi bai farfaɗo ba. A rana ta tara ƙorai suka dawo rabi, aka fara tattara mutanen unguwar baƙi a bakin ƙofa, Haladu na cikinsu. Batulu ba ta yi kuka ba, tunani ta yi: ina taki ya fi yawa a garin nan? Ta tari Madaki ta roƙe shi ya buɗe mata bayan bargarsa, inda mace ba ta taɓa takawa ba. Shi da kansa ya ture ƙyauren. Ga rukuɓu da gasaya kan juji har ƙugu, kore shar! Mata suka rangaɗa guɗa, sauran masu barga suka bi sahu, aka kwance mutane suka koma gida.

A rana ta goma sha ɗaya aka jiyo tambura ta hanyar Birnin Kudu, mahara suka kwashe suka nufi duwatsu.

Yadda aka ruwaito, sarki ya ce Batulu ta faɗi bukatarta. Ba ta nemi kuyanga ko saniya ba. Ta roƙi a daina kiran unguwarsu ta baƙi, kuma kada dogari ya ƙara leƙa bayan ɗakinta. Aka yi mata duka biyun.

Maroƙa dai Madaki suka wasa, don haka duniya take, kirari na mai takobi ne. Amma mai hankali ya duba: sarki da fadawansa sun rasa abin da zai fanshi talakawansu, sai ciyawar da suka yi umarni a nome. Allah ne ya san inda ya ajiye ceton gari, kuma ba kullum yake ajiye shi a fada ba.