Takardar Izinin Lastri

Ranar da Lastri ta shiga shagon hoto na bakin kasuwar Ponorogo, sau huɗu Gunadi mai hoto yana ɗaukarta, sau huɗu tana sunkuyar da kai.

"Dik, ƙanwata, fasfo fuska yake so, ba tsakiyar kai ba."

Dariya ta kuɓuce mata, nan ya samu hotonsa.

Japan za ta je, aikin kula da tsofaffi na shekara uku. Tun daga ranar, kullum sai wata takarda ta kawo ta shagon, har wadda ba ta buƙatar kwafi. Shi kuwa ya raɗa mata suna 'Yar Jirgi. Yana riƙe mata littafin Japananci tana biyo kalmomi, ƙafarta sai kaɗawa take ƙarƙashin benci.

Takarda ɗaya ta rage mata, ta izini. Kamfanin da zai kai ta aikin ba ya tura budurwa sai mahaifinta ya sa hannu, matar aure kuma sai mijinta. Mahaifinta, Pak Warsito, ya ƙi.

"'Yata ba za ta tsallake teku ta je wankan tsofaffin wasu ba. Mai hoton nan da kike wa zarya ya turo magabatansa. In ya aure ki, ke da shi."

Ta gane dabarar. Wane ango ne zai saki amarya ta tafi?

Kwana biyu sai ga Gunadi a barandarsu, shi da Baba suna shan kofi har da ƙyaƙyata dariya. Ratmi mai sayar da shayi a gefen shagonsa ta ƙara mata da tsiya: "Ke dai ki tafi, ni zan kula miki da shi."

Lastri ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta shirya jaka, ta zazzage, ta sake shiryawa. Da bakinta ba za ta iya tambayarsa ba, sai ta rubuta:

"Mas, yayana, in kun haɗa baki da Baba don a tsare ni, ka faɗa min. Ina sonka, amma shekara biyu na yi ina koyon harshen nan."

Amsa ta zo:

"'Yar Jirgina, ba zan yi miki ƙarya ba, ba na son ki tafi. Tun jiya abinci ya ƙi shiga. Amma ba don in tsare ki nake nemanki ba."

Ta karanta sau goma, hankalinta bai kwanta ba.

An ɗaura aure ranar Asabar da hantsi. Baƙi na tsakar cin shinkafa da kaza Gunadi ya juyo gare ta.

"Dik, ina takardar?"

A cikin rigar amarci ta ɓoye ta. Ta ciro ta miƙa masa, kanta a ƙasa.

Pak Warsito ya ajiye cokali. "Kai yaro, da hankalinka? Ka san kwana nawa za ka yi da ita?"

"Goma sha ɗaya, Baba. Na ƙirga."

Gunadi ya sa hannu. Lastri ta kama hannun ta ɗora a goshinta, hawaye na wanke mata kwalliya.

Tsohon ya dube su, sannan ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya kai ki lafiya, Ya dawo masa da ke lafiya." Ya harari angon. "Kai kuma, kullum a gidan nan za ka ci abinci. Ba za ta dawo ta tarar na bar mata miji ya rame ba."