Ƙarfen Ƙofar Kanal

Da hantsi Malam Datti, shugaban manoman rani, ya kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Kura. An yanke ƙofar ƙarfen da ke tare ruwan kanal, ruwa ya shanye dashen tumatirin mutum goma sha ɗaya.

Insifekta Sammani ya rubuta ƙarar. Shekara ashirin a aiki ta cinye masa mamaki tas.

A bakin kanal ya shafa wurin yankan. Sumul yake, 'yan jari-bola ba sa irin wannan aiki. Sawun taya mai manyan haƙora ya kai shi tsohon injin shinkafar da sojoji suka mayar garejin gyaran motoci.

Saje Amiru, babban kanikawansu, yana liƙa farantin ƙarfe a ƙofar wata mota.

"Saje, ina kuka samo ƙarfen nan?"

"Daga sito, yallaɓai."

Insifekta ya leƙa bayan farantin, ya kankaro busasshiyar gansakuka da farce.

"Sitonku a cikin ruwa yake?"

Saje ya kashe wutar walda, ya zauna a kan taya.

"Ni na yanke. In motocin nan suka dawo daga daji, ni nake wanke su. Na san inda harsashi yake shiga. Wata huɗu ina rubuta takardar neman ƙarfe. Yau da la'asar wannan za ta tashi da yaranmu sojoji shida."

"Ka san gonakin da ka kashe?"

"Na sani."

Insifekta ya kira ofis. Umarni ya zo a taƙaice: a ciro ƙarfen, shaida ce, kuma manoma na jiran abinsu. Ya laluba zuciyarsa ko zai ji wani abu, ya tarar da gajiya kawai.

Babu mai iya cirowa ba tare da ɓata ƙofar motar ba sai wanda ya liƙa. Saje ya kunna wuta ya yanke aikinsa da hannunsa, sannan ya miƙa hannuwan ga 'yan sandan soja da suka zo tafiya da shi.

Ana fita da shi direban motar, Fatihu, ya tayar da inji, ya leƙo yana murmushi.

"Oga, yau motar ba nauyi."

"Fatihu," in ji Saje, "kada ka jingina da ƙofa."